Wai namiji guda da bin mage?

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman mu na Ibadan. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai bayan Isha'i.

Tun da aka fara ganina da kwali a hannu ina zagaya bayan gidajen haya da yamma, tambayoyi uku ake yi min, kuma kullum su ne dai. Ta farko: wai kai namiji guda, da gemunka, kana digiri na biyu, ka rasa abin yi sai bin mage? Ta biyu: ba ka tsoronsu? Ta uku ita ta fi nauyi: mutane na kwana da yunwa a ƙasar nan, ku kuna sayen kifi kuna bai wa dabba? Na amsa a ƙofar masallaci, na amsa a wurin mai shayi, har bakina ya gaji. To bari in amsa sau ɗaya a rubuce. A ƙarshe kuma akwai alfarmar da nake nema wurinku kafin a tafi hutu.

Bari in fara da abin da muke yi, don wasu sun ɗauka wata ƙungiya ce da Turawa ke turo wa daloli. Wallahi ko suna ba mu da shi. Mu shida ne. Akwai ni. Akwai wani ɗan Zariya da ke ajin ƙarshe a fannin likitan dabbobi, muna kiransa Dakta tun bai zama ba. Akwai wani Bayarabe ɗan Ogbomosho mai digiri na uku a kimiyyar sinadarai, Kirista ne. Akwai wani ɗan Gombe mai karatun shari'a, sai mai shayin bakin titinmu, sai kuma Baba, maigadin gidan da nake haya a Agbowo. Mu ɗaliban kowa na ajiye naira 1,500 a wata. Mai shayi ya kan ba da ƙwai, Baba kuma shi ke da ido da ƙafa, don babu kwatar da bai sani ba a unguwar. Idan aka ga mage da rauni ko 'yan kyanwa da ba uwa, sai a kira ɗayanmu. Mu ɗauko, mu yi jinya, mu kai asibitin dabbobi idan abin ya fi ƙarfinmu, sannan mu nemo musu gida. A cikin shekara ɗaya da rabi mun raba 'yan kyanwa 19. Ba mu taɓa karɓar ko sisi a kansu ba.

Asalin abin daga Baba ne. Mutumin Maraɗi ne, ya haura shekara 60, ya kusa shekara 20 yana gadi a garin nan. Tun kafin in tare a gidan yake karɓo kan kifi wurin mata masu sayar da panla, ya dafa a gwangwani ya ajiye a gefen ɗakinsa. Wani dare a tsakiyar damina, wajen ƙarfe biyu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya buga min taga.

"Malam, taho da hitila. Ɗiyan mussa na cikin kwata, ruwa za shi tahi da su."

Na ce, "Baba, ina uwarsu?"

Ya ce, "Ta ci magani tun jiya. Na rufe ta."

Su huɗu ne, idonsu ma bai buɗe ba, ke nan ba su kai kwana goma ba. Baba ya nannaɗe wando ya shiga kwatar, ni ina haska masa da waya. Na kira Dakta a daren, ya ce kada a ba su komai tukuna, a fara ɗumama su, domin ɗan kyanwa da jikinsa ya yi sanyi ba ya iya narkar da abinci. Muka zuba ruwan ɗumi a gorar roba, muka sa ta cikin safa, muka kwantar da su a jikinta cikin kwalin indomi. Da safe Dakta ya zo da sirinji da madarar da ta dace. Daga nan sai shayarwa duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, kuma bayan kowace shayarwa sai an sa auduga mai ɗumi an shafa musu ƙasan wutsiya, don a wannan shekarun ba sa iya fitsari ko kashi sai uwa ta lashe su. Muka raba dare uku, kamar masu jinyar mara lafiya a asibiti. Biyu sun mutu a makon farko. Biyu sun rayu. Ɗaya tana shagon mai shayi yanzu, ya sa mata suna Gimbiya, ɗayan kuma ya zama ƙaton muzuru a wani shagon hatsi a kasuwar Bodija.

To, mu dawo kan tambayar farko, ta namiji da mage. Na san inda ta samo asali, don a gida ɗaya muka tashi da ku. A wajenmu yaro namiji tattabara yake kiwo, ko zomo, ko ragon layya, in ɗan gidan sarauta ne doki, in mafarauci ne kare. Mage ta cikin gida ce, ta tsofaffin mata, tana kwance kusa da murhu ko ƙarƙashin rumbu. Ga mai tattabara kuwa, muzuru abokin gaba ne, ɓarawon 'yan shila da 'yan tsaki. Shi ya sa yaran unguwa ke tashi da danƙo a aljihu, in an ga mage a kan katanga sai jifa. Har a karin magana ma an haɗa muzuru da shaho a layin masu hana zakara cara. Idan kuma aka so a raina mutum sai a ce masa kyanwar Lami. Da wannan tunanin muka shigo jami'a, shi ya sa in aka ga ƙato yana shayar da ɗan kyanwa da sirinji sai abin ya ba da dariya.

Amma ku duba littattafan da muka karanta a Islamiyya. Sunan wa ya fi yawa a bakin masu ruwaito hadisi? Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, mutumin ƙabilar Dausu ta Yaman, wanda ya iso Madina a shekara ta 7 bayan Hijira, aka ruwaito hadisi sama da 5,000 ta hanyarsa. Yawancinmu sai mun yi tunani kafin mu tuna sunansa na yanka. Laƙabin ne ya bi shi, ma'anarsa kuwa mai 'yar kyanwa. Tirmizi ya kawo cewa da kansa ya ba da labarin yana kiwon tumakin gidansu yana da wata 'yar kyanwa, da dare ya ajiye ta a kan bishiya, da rana ya tafi da ita yana wasa da ita. Shekara sama da 1,400 ana ambaton wannan bawan Allah a kan mumbari da sunan mage, babu wanda ya taɓa cewa abin ya rage masa daraja.

A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malamanmu na zaure ke karantarwa, akwai labarin sahabi Abu Ƙatada. An zuba masa ruwan alwala, mage ta zo za ta sha, sai ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Matar ɗansa ta tsaya tana kallonsa da mamaki, irin kallon da ake yi mana yau. Ya sanar da ita cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Wannan ya ishe mu hujja. Shi kuwa labarin da ake yawo da shi a intanet na yanke hannun riga don kada a tashi mage daga barci, ana jingina shi ga Annabi (SAW), malaman hadisi ba su samo masa asali ba, kuma ba ma buƙatarsa.

Wanda kuma yake ganin tausayin mage aikin raggon maza ne, ya karanta tarihin Zahir Baibars, sarkin Misira daga 1260 zuwa 1277, ɗaya daga cikin kwamandojin da suka karya rundunar Mongol a yaƙin Ainu Jalut. Masu tarihin Alƙahira sun ruwaito cewa ya bar wata gona waƙafi don a riƙa ciyar da magunan birnin da ba su da masu su. A zamaninmu akwai Muhammad Ala'a Aljalil na birnin Halab a Siriya, wanda kafafen labarai ke kira Aleppo. Mai gyaran wutar lantarki ne, da yaƙi ya ɓarke ya koma tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya yana ciro mutane daga ɓaraguzai. Da maƙwabta suka gudu suka bar magunansu, shi ya riƙa sayo nama yana ciyar da su, har ya buɗe musu gida a 2015. A 2016 bam ya rusa gidan, ya sake gina wani a wajen gari. Kuma na san da yawanku kun ga bidiyon azumin 2023, na limamin Aljeriya Walid Mehsas, da mage ta haye kafaɗarsa yana jan tarawihi, ya shafa ta ya ci gaba da karatunsa ko gargada bai yi ba. Mu da kanmu muka riƙa tura bidiyon muna cewa Masha Allah. To me ya sa in ɗan ajinku ne ya yi irin haka sai ya zama abin tsokana?

Ni abin da na gani a wannan aiki, juriya yake so. Tashi ƙarfe uku na dare ga lakca ƙarfe takwas. Sa hannu a kwata. Riƙe muzurun da waya ta yanke wa ƙafa yana yakushinka Dakta na wanke ciwon. Haƙa rami ka rufe wanda ka yi kwana biyar kana shayarwa. Kuma duk wannan don wata halitta da ba za ta gode maka a bainar jama'a ba, ba za ta zaɓe ka a ƙungiyar ɗalibai ba, ba za ta rama maka ba. A gidanmu an koya mana cewa namiji shi ne mai ɗaukar nauyin wanda ba shi da ƙarfi. Ban ga inda aka ce sai mai ƙafa biyu ba.

Tambaya ta biyu, ta tsoro. Wanda ya zauna a nan ya san yadda mutane da yawa ke kallon ologbo, wato mage da Yarabanci. Ana alaƙanta ta da maita, finafinai kuma sun ƙara wa abin gishiri: da an nuno baƙar mage da dare, ka san wata tsohuwa ce ta rikiɗa. Amma kafin mu yi wa kowa dariya, mu tuna namu. Wa bai taɓa jin an ce baƙar mage aljana ce ba, ko kada a dake ta da dare, ko mayya ce ta zo kama kurwa? Camfin iri ɗaya ne, yare ne kawai ya bambanta. Kuma a cikinmu shida babu wanda ya kai ɗan Ogbomoshon nan haƙuri da su. Shi ke tsayawa ya yi wa maƙwabta bayani da yarensu in rigima ta taso, shi ke ara mana motar yayansa in za a kai asibiti.

Akwai wata Mama mai shagon kayan masarufi kusa da mu. Farkon lamarin, in ta hango ni da kwali sai ta tsallaka titi tana addu'a. Rannan ta tare ni ta ce, da turancin kasuwa, wai me Hausawa ke yi da maguna haka, asiri ne? Na ce, "Mama, jinya muke yi musu." Ba ta yarda ba. Bayan wata uku, da ta ga ɓeraye sun daina yi wa mai shayi ɓarnar burodi, su kuma sun cinye mata rabin buhun semo, da kanta ta aiko jikanta wai a ba ta ɗaya, amma don Allah kada a ba ta baƙa. Muka ba ta mai ruwan toka. Yanzu in na wuce ita ke kirana in zo in ga yadda ta yi ƙiba.

Baƙaƙen su ne matsalarmu har gobe. Ba mai so, Bahaushe ko Bayarabe. Baba ne ke riƙe su, yanzu yana da uku. Na taɓa tambayarsa ko shi ba ya jin komai a ransa. Ya ce, "Malam, ita ta zaɓi launinta? Mu ma nan garin da ganin rigarmu ake yanke muna hukunci." Ban ƙara cewa komai ba. Duk wanda aka taɓa kira aboki da wata irin murya a cikin mota, ko aka ƙi ba shi hayar ɗaki da jin sunansa, ya san abin da tsohon yake nufi.

Tambaya ta uku ba na raina ta, domin gaskiya ne ana cikin wani hali. Akwai ɗaliban da ke cin abinci sau ɗaya a rana a cikinmu. Amma mu yi lissafi. Abin da muke sayowa kan kifi ne da kayan cikin kaza da ragowar da mahauta ke zubarwa. Naira 1,500 ɗin da nake bayarwa bai kai kuɗin datar da nake ƙonawa a mako ba. Kuma a iya abin da na gani, mutanen da ke ba da na mage su ne dai ke fara miƙa hannu in an ce wani ɗalibi ya kwanta asibiti ko kuɗin makarantarsa bai cika ba. Mai shayin nan da ke ba Gimbiya ƙwai, shi ne ke bai wa ɗalibai shayi bashi har ƙarshen wata. Tausayi ba kamar garin kwaki ba ne da in ka ɗiba wa wani sai na wani ya ragu. Lokacin da sahabbai suka ji labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, sun tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, aka ba su amsa cewa akwai lada a kan duk wani mai rai. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi.

Sannan akwai amfanin da ya shafi lafiyarmu kai tsaye. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Duk rani sai ya tashi, kuma jihohin Ondo da Edo a nan Kudu, da Bauchi da Taraba a wajenmu, su ne kan gaba a yawan masu kamuwa. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa, bayan rufe hatsi da nisanta shara da tsaftar gida, har da ajiye mage. Ku dubi yadda muke ajiye buhun shinkafa da garin tuwo da ƙuli-ƙulin da aka ɗauro mana daga gida a ƙarƙashin gado. Mage ɗaya mai lafiya a gidan haya ta fi maganin ɓeran da ake barbaɗawa a lungu, wanda ɓera zai ci, mage ta ci ɓeran ta mutu, wani lokacin ma yaron maƙwabta ya kai hannu.

Yanzu ga maganar da ta sa na yi wannan dogon rubutu. Yawancin magunan da muke tsinta ba daga daji suka zo ba. Na ɗalibai ne. Mutum zai ga 'yar kyanwa kyakkyawa ya ɗauko, ya yi ta hoto da ita, in hutu ya zo ko ya gama karatu sai ya ja jakarsa ya bar ta. Wadda ta saba da a zuba mata ba ta iya farauta ba, ba ta san mota ba, ba ta san karnukan unguwa ba.

A hutun Babbar Sallah da ta wuce, wani ɗan uwanmu ya tafi gida ya kulle magensa a ɗaki, ya bar mata kwanon ruwa da burodi, da niyyar kwana huɗu zai yi. Wani uzuri ya riƙe shi. Sai a kwana na shida maƙwabcinsa ya ji kuka ƙasa-ƙasa ya kira Baba. Mai kula da gidan ya ce ba zai fasa ƙofar ɗan haya ba sai da izininsa, kuma yana da gaskiya. Muka yi ta neman wayarsa har dare kafin ta shiga. Muka zare gilasan taga muka yanke raga, ɗan Gombe ya zura jiki ya ɗauko ta. Kwanon ya bushe ƙaraf, ta yayyage labule da gefen katifa, jikin ƙofar duk sawun farce. Likitoci sun sa mata ruwa, sun yi iya ƙoƙarinsu, a kwana na uku ta mutu.

Ban kawo wannan don in tona asirin kowa ba. Da ya dawo ya ji, ya yi kuka da hawaye, kuma yanzu yana cikin masu taimaka mana. Na kawo shi ne don duk mun haddace hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Muna jin sa a wa'azi kamar labarin wata muguwar mata ta can da. Ashe abin ba ya buƙatar mugunta. Makulli ɗaya da tikitin mota sun isa.

Ga wanda yake da mage ko yake son ɗauka, ga kaɗan daga abin da Dakta ya koya mana. Kada ka taɓa ba ta farasitamol, ko ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, saboda haka ragowar miya da jalof ba abincinta ba ne. Madarar shanu, ta gari ko ta gwangwani, gudawa take sa yawancinsu. Mage maciyar nama ce, tuwo ko burodi kaɗai ba za su riƙe ta ba, a nemi kifi ko kaza a dafa ba gishiri ba yaji a cire ƙaya. Maganin ƙuma na karnuka da maganin feshin sauro na iya zame mata guba, a tambayi likita kafin a shafa mata komai. Ka ajiye mata yashi a tsohon baho, da kanta za ta riƙa zuwa can, kai dai ka riƙa kwashewa kullum ka wanke hannu. Mace mai ciki kada ta yi wannan kwashewar, akwai cutar da ke iya shafar abin da ke cikinta.

Daga wata uku ana yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, don mage ma tana ɗauka. Idan wadda ba ka sani ba ta cije ka ko ta yakushe ka har jini, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar. In ka ga 'yan kyanwa su kaɗai a wuri busasshe, kada ka yi saurin kwashewa, ka ba su 'yan awoyi, sau da yawa uwar ta je neman abinci ne. Kuma ba a raba ɗa da uwa kafin mako takwas.

Sai batun haihuwa. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Shi ya sa duk yadda muka kwashe, wata damina sai mu tarar da sababbi a kwata. Likitocin dabbobi suna yin aikin tsayar da haihuwa ga mace, da dandaƙa ga muzuru, da allurar barci. Malamai sun yi saɓani a kai, da yawa daga na wannan zamani sun halatta in akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Mu dai mun yi wa huɗu, kuɗin ne ya hana mu ƙarawa.

Ba zan ɓoye muku ba, mu ma muna samun wani abu a ciki. Karatun gaba da digiri kaɗaici ne da shi. Abokan ajinka sun yi aure suna aiki, kai kana ɗaki ɗaya da kwamfuta da babi na uku da ya dawo da jan biro, gida kuma tafiyar yini guda ce. Akwai daren da ba wuta, ba kuɗi, ba ka son kiran gida don kada a ji a muryarka. Sai wata 'yar aba ta hau cinyarka ta kwanta tana wannan gurnanin da kakata ke cewa tasbihi ne. Maza ba mu cika faɗin irin wannan ba, amma mu shidan nan kowa ya sani. Da na ba Umma labari a waya, dariya ta yi ta ce, "Ni da nake jira ka ce ka samo mata, sai ka ce min ka samo mage?" Daga baya kuma ta ce, "To Allah ya ba ku lada, ka dai riƙa wanke hannu."

Ga alfarmar da nake nema. Hutu ya kusa. Duk wanda yake da mage kuma zai yi tafiya, ko ta kwana biyu ce, don girman Allah kada ya kulle ta. Ya bar wa maƙwabci makulli, ko ya kawo mana, Baba ya ce yana da wuri. Wanda ya gama karatu ba zai iya tafiya da tasa ba, ya sanar da mu tun da saura mako biyu mu nemo mata gida, ba sai ranar da zai hau mota ba. Wanda ya ji kuka a ɗakin da aka kulle ko a cikin silin, ya yi magana a ranar.

Na biyu, in Allah ya yarda ni da Dakta duk za mu gama a wannan zangon, ɗan Ogbomosho ma yana rubuta babinsa na ƙarshe. Baba ya tsufa, ya fara maganar komawa Maraɗi. Muna neman mutum biyu ko uku daga 'yan aji ɗaya zuwa uku da za su karɓi aikin. Ba sai kana da kuɗi ba, Dakta zai koya maka duk abin da ya kamata kafin ya tafi. 'Yan uwa mata ma muna maraba, wata 'yar Bauchi ta riƙe mana guda biyu wata guda cur, kuma sun fi na hannunmu ƙiba.

Na uku, yanzu haka akwai 'yan kyanwa uku a ɗakina, makonsu tara, an ba su maganin tsutsar ciki, sun iya cin kifi sun iya amfani da yashi. Biyu masu ɗige-ɗige ne, ɗaya baƙa ce wuluk, kuma ita ta fi su wayo. Kyauta ne, sharaɗin kawai ka faɗa mana wanda zai riƙe ta in ka yi tafiya. Mai so ya turo min saƙo.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai masu tafiya gida lafiya, ya sa mu cikin waɗanda ake ji wa ƙai saboda sun ji ƙan na ƙasa da su. Amin.